Hotunan da Ba Su Bar Shago Ba

Mai Hoto mutum ne da ya yarda cewa duk abin da hannu ya haɗa, hannu zai iya kwance shi ya kuma mayar. Rabin farko na wannan aƙida bai taɓa ba shi kunya ba. A ƙuryar shagonsa akwai wani kwali da rediyo da fanka da agogon bango da injin aski suke zaune a warwatse, suna jiran rabi na biyu.

Shagon yana tsakanin tela da mai kemis, a kan titin da ramuka suka hana motoci gudu. Da ka shiga za ka yi karo da babban labule mai zanen gidan bene da tafki da agwagi, wanda rabin mutanen unguwa suka taɓa tsayawa a gabansa, riƙe da tarhon roba, kamar masu jiran kira daga ofis. A bango akwai gilashi cike da fuskokin waɗanda aka ɗauka ba su dawo sun karɓa ba. Daga baya kuma ɗakin wanke hoto ne, ɗan matsattse, mai jan ƙwai da warin sinadarin da ya kama duk rigunansa. A tsawon shekarunsa na sana'a bai taɓa ce wa mutum hotonsa ya yi muni ba. Idan abu ya ɓaci, haske ne. Idan mai fuskar ya matsa da tambaya, to takardar ce ba ta ƙwarai ba. Wannan hali ya sa mutane suna son sa, har da waɗanda ba su zo da wani abin ɗauka ba.

Yanzu ya tsufa, ya fi zama a benci a ƙofar shago yana kallon masu ɗaukar kansu da waya suna karkata baki. Ba ya jin haushinsu. Yakan ce dai duk wanda ke ɗaukar kansa da kansa ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Amma akwai lokacin da shi ne kan gaba a zamani a duk faɗin titin, kuma labarin wannan lokacin ne ya fi cancanta a ba da.

Matarsa, wadda kowa har shi kansa yake kira Inna, ta daɗe da daina hana shi gwaje-gwajensa. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ya kusanci keken ɗinkinta da sukudireba. Ranar da ya shigo da kwamfuta, wata tsohuwa mai ƙatuwar ƙeya da ya samo daga wani ofis da ya tashi, Inna ta zagaya ta ta ce ai wannan talabijin ce da babu kowa a ciki. Da ya ƙara mata wani ƙaramin akwati da ake jonawa da layin tarho, wanda kafin ya kai ka intanet sai ya yi ta tsuwa da ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin bokiti, sai ta gyara zancenta. Ta ce to yanzu akwai wani a ciki, kuma ba shi da lafiya.

A wancan zamani shafin intanet ba kamar na yau ba ne, inda ake miƙo maka fili a share ka zuba suna da fuska ka tafi. Wani kamfani a can nesa yana ba da ɗan wuri kyauta, amma ginin naka ne, da hannu, layi bayan layi, cikin wasu alamomi masu kama da bakin tsuntsu. Mai Hoto bai je makarantar wannan ba. Ya gano cewa kowane shafi ana iya ɗaga masa riga a ga ɗinkin ciki, sai ya shiga ɗaga na mutane yana kwafa. Idan ya ga rubutu yana tafiya daga gefe zuwa gefe a shafin wani, washegari nasa ma ya kama hanya. Kalmar maraba tana ƙiftawa cikin ja a kan baƙin bango, ba dare ba rana. Akwai wani ɗan mutum da shebur yana haƙa ba ya gajiya, alamar cewa ana kan aiki. Akwai kiɗan da ke tashi da kansa ba a gayyace shi ba. Ya taɓa raba shafin gida-gida kamar tagar makaranta, kowane gida da nasa abin gungurawa, har sai da shi kansa ya ɓata a ciki ya rushe. A can ƙasa kuma akwai abin ƙirga baƙi, wanda yake hawa ba laifi, tunda shi da kansa yana leƙawa safe da yamma ya ga ko ya hau.

Da farko shafin ba shi da wani aiki sai kasancewa. Aiki ya same shi ne lokacin da 'yarsa ta fari ta tashi tafiya.

Tun ranar da ta shiga makarantar jinya gidan ya daina kiran ta da komai sai Nas. Ta gama, ta yi aure, ta haihu, sai aka ba ta gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa mai nisa inda sanyi ke shiga har cikin haƙora. Ba a tafiya da yaro. 'Yarta a lokacin ta fara tafiya ke nan, tana yi tana zama daɓas. Mijinta, malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai ƙarancin magana wanda ke zaune a ɗaki ɗaya a cikin makaranta, don haka aka yanke cewa yarinyar ta zauna wajen kakanninta. Ba ta yi mako a gidan ba ta karɓe mulkin shagon. Ita ke yanke wanda zai riƙe tarhon roba da wanda ba zai riƙe ba. Tela ya sa mata suna Manaja, sunan kuma ya zauna.

Ranar tafiya Nas ta riƙe yarinyar ta ƙi saki, har mai mota ya fara duba agogo yana tsaki. Mai Hoto bai iya kallon kuka ba idan ba ta cikin kyamara ba, sai ya matso ya ce:

"Ki kwantar da hankalinki. Haƙori ɗaya ba zai fito mata ba sai kin gan shi a makon. Na yi miki alkawari."

Inna ta ce a riƙa wanke hotuna ana aikawa ta gidan waya kamar yadda mutane suke yi. Ya dube ta da tausayi. Ya bayyana mata cewa gidan waya ya mutu, jana'iza ce kawai ba a yi ba. Kafin wasiƙa ta isa, yarinyar ta fi ƙarfin rigar da ke cikin hoton. Shi kuwa a shafinsa, da ya ɗora da safe, da rana uwar tana kallo.

Kuma ya cika alkawarinsa, ta ɓangarensa. Duk mako yana ɗaukar Manaja, ya wanke, ya shanya, ya kwantar da hoton a cikin sikana mai shigar da shi kwamfuta, ya buɗe ɗinkin shafin ya ƙara layi. Bai taɓa tsallake mako ba, ko da zazzaɓi.

Sai dai akwai abu ɗaya da bai lura da shi ba a rigunan mutanen da ya ɗaga. Shafi ba ya ɗauke da hoto a jikinsa. Abin da yake yi kawai shi ne nuni, ya ce hoton kaza yana wuri kaza. Dole sai ka aika shafin, ka kuma aika hotunan su je su zauna kusa da shi a can wurin kamfanin. Mai Hoto shafin kaɗai yake aikawa, shafin kuwa cewa yake yi hoton yana cikin aljihu kaza na wannan kwamfutar. A kwamfutar shagon wannan magana gaskiya ce, sai hoto ya fito. Duk wata kwamfuta a duniya kuwa, idan ta karanta haka, sai ta laluba nata aljihun, ta tarar babu komai, ta zana akwati fanko da ɗan jan tabo a kusurwa, ta wuce.

A titin kuma babu wata kwamfuta sai tasa. Duk wanda ya ga shafin, a shagon ya gan shi, a tsaye bayan kafaɗar mai shi. Abin da ya fi burge Mai Hoto shi ne sauri. Hotunan shafukan mutane sukan sauko a hankali, daga gashi zuwa goshi zuwa hanci, har mutum ya sha shayi kafin a kai ga haɓa. Nasa kuwa kafin ka ƙifta ido sun bayyana. Ya yi tunani a kan wannan bambanci, ya kai ga cewa ƙwarewa ce. Mai kemis ya goyi bayansa.

Kiran farko da Nas ta yi bayan ta isa, shagon ya cika. Tela ya bar ɗinki, mai kemis ya bar kanti, Inna tana tsaye da Manaja a kafaɗa. Nas ta riga ta je ɗakin karatu na makarantarsu, ta buga adireshin da ya rubuta mata a bayan wani lalataccen hoto, ta ga kalmar maraba tana ƙiftawa, ta ga akwatuna. Ta ɗauka kwamfutar ɗakin karatun ce ke hana hoto. Yanzu kuma tana jin numfashin jama'a a bayan muryar mahaifinta.

"Kin gani?" ya tambaya.

"Na gani, Baba. Ya yi kyau."

Ba ƙarya ce zalla ba, ai ta ga wani abu. Mai Hoto ya juya ya maimaita wa jama'a amsar, ko da yake duk sun ji.

Da a ce mutum ne mai yawan rubutu, da abin ya zo da sauƙi. Amma shi ya yi imani cewa hoto mai kyau ba ya buƙatar mai fassara. Abin da yake rubutawa a ƙarƙashin kowane hoto bai wuce kalma biyu ko uku ba. Ga ta. Ga ta kuma. Dubi wannan. Kin ga abin da nake gaya miki? Haka Nas take zuwa duk mako, ta cire safar hannu, ta zauna a gaban jerin akwatuna fanko, ta karanta dubi wannan, ta duba. Jerin yana ƙara tsawo, daga nan ta san yarinyar tana nan tana girma.

Daga baya ta nuna wa matar da ke kula da ɗakin karatun. Matar ta danna nan ta danna can, ta ce kwamfutarsu lafiya lau take, hotunan ne ba a taɓa aiko su ba. Amma a lokacin Nas ta riga ta tara na gani masu yawa, kowanne a kan ɗan'uwansa, kuma a duk kira muryar Baba ƙara haske take yi. Ya gaya mata cewa har daga wasu unguwanni ake zuwa kallon yadda yake magana da 'yarsa ta hoto. Ta rasa ta inda za ta soma.

Ta gaya wa mijinta. Malamin lissafi ya fahimci matsalar nan take, ya kuma fahimci cewa ba shi ne zai faɗe ta ba. Mutum ne da idan ya zo gaida surukinsa yake durƙusawa tun daga bakin ƙofa, ya yi maganar da kansa a ƙasa, ya tashi bai san launin rigar da Baba ya sa ba. Ya za a yi ya ɗaga kai ya ce masa aikin da kake alfahari da shi ba ya fita daga shagon nan? Ya bi ta gefe. Ya roƙi hoto ɗaya, wai zai sa a aljihu, ya aika mata ta gidan wayar da ya mutu, ya kuma isa lafiya. Da ya sake roƙa bayan wani lokaci, Mai Hoto ya tambaye shi ko cinye su yake yi. Bai sake ba. Kai yarinyar wajen wani mai hoton kuwa ba abin tunani ba ne, domin kafin takardar ta bushe labari ya iso titin.

Haka aka ci shekara da wani abu. Nas tana da hoto guda na yarinya mai haƙora huɗu, wadda tuni ta zama wata daban.

Wata rana ta kira ta tarar Baba ya tafi ɗaukar hoto a wani taro, Inna ce ta ɗauka. Ta fara da tambayar lafiya, ta ƙare da kuka, komai ya fito. Inna ba ta gane zancen akwatuna ba, kuma ba ta nemi ta gane ba. Abin da ta riƙe shi ne 'yarta ba ta ga 'yarta ba. Nas ta roƙe ta ta gaya masa a hankali. Inna ta ce ta kwashe shekaru da mutumin nan, ba a gaya masa abu. Idan ka gaya masa, zai yi maka bayanin dalilin da ya sa ba haka ba ne, har kai ma ka yarda. Sai dai a ajiye masa abin a hanya, ya zo ya yi tuntuɓe da shi, ya ce shi ya gano.

Ta aika a kira mata malamin lissafi. Ya zo ya durƙusa, ta yi magana tana kallon bango, ya amsa yana kallon ƙasa, suka gama shiri ba wanda ya ga fuskar wani.

A lokacin an kawo wa makarantarsu kwamfutoci an jera su a wani aji, an ja musu layi. Malamin ya zo ya ce shugaban makaranta yana son a ɗauki hoton sabon ɗakin, kuma ya fi kyau a zo ranar da babu ɗalibai, saboda kada su cika hoton da kawuna. Mai Hoto ya saɓa jakarsa ya bi shi. Ya ɗauki ɗakin ta gabas, ya ɗauke shi ta yamma, ya ce hasken tagogin bai da tarbiyya. Da ya gama, malamin ya ce a ƙasa-ƙasa, ga guda a kunne ko Baba zai so ya gwada, shi bari ya je ya samo ruwa. Famfo yana bayan ajin. Malamin ya wuce shi ya tafi can ƙarshen filin ƙwallo ya zauna a gindin bishiya.

Mai Hoto ya ja kujera, ya buga adireshinsa da yatsa ɗaya, ya jingina yana jiran kiɗa. Kiɗa bai zo ba. Ɗan mutum mai shebur, wanda bai taɓa hutawa ba, ya zama akwati. Maraba tana ƙiftawa ita kaɗai. Ya gungura ƙasa. Ga ta, akwati. Ga ta kuma, akwati. Dubi wannan.

Ya yi tsaki, ya ce a ransa kayan gwamnati ke nan. Ya koma kan kwamfutar da ke kusa da ita ya kunna. Ya tashi ya tafi ta ƙarshen layi, wadda ko ledarta ba a gama cirewa ba. Daga nan sai ya daina zargin gwamnati. Ya yi abin da ya saba, ya ɗaga wa shafinsa riga, ya buɗe na wani ya ɗaga, ya jera su yana bi da yatsa. Bai daɗe ba ya gani. Abin da ya yi daidai yake da mutum ya zo karɓar hotonsa, ka rubuta masa a takarda cewa yana cikin aljihun tebur na biyu, ka sallame shi ya tafi gida ya duba nasa teburin.

Ya daɗe a zaune. Ya tuna duk na gani ɗin da aka faɗa masa, da yadda muryar take yin ƙasa idan ta zo wurin.

Da malamin ya dawo da ruwa a kofi, ya tarar an kashe kwamfutocin, Baba yana goge gilashin kyamara da gefen riga. Ya karɓi ruwan ya sha. Ya ce famfon makarantar nan da nisa yake. Malamin ya ce ƙwarai kuwa. Suka tattauna batun ramukan titi har bakin shago, kuma har yau ba wanda ya taɓa ta da zancen a tsakaninsu.

A gida ya sanar da Inna cewa ya gano wata 'yar matsala a shafin wadda ba kowa ne zai iya ganowa ba. Inna ta ce Allah ya ƙara basira, ta ci gaba da ɗinki.

Gyaran ya ci kwanaki. Hotunan manya ne, layin kuma siriri. Sai an kusa kaiwa wuta ta ɗauke, ko matar tela ta zo tana son yin kira, a koma farko. Ya koyi rage musu nauyi ba tare da an ɓata fuska ba. Ya koyi ba su gajerun sunaye. Ya gyara nunin ɗaya bayan ɗaya, tun daga makon farko. Yanzu ko a shagon hotunan a hankali suke saukowa kamar na kowa, daga gashi zuwa goshi. Mai kemis ya leƙo ya ce kamar abin ya lalace. Mai Hoto ya ce sabon salo ne.

Yana cikin bin jerin ne ya iso wani hoto ya tsaya.

Watanni kafin nan, yana ɗakin wanke hoto hannunsa cikin sinadari, Manaja ta hau doguwar kujerar da ake zaunar da masu hoton fasfo, ta miƙe tsaye a kai don ta duba mulkinta, ta faɗo a kan kusurwar kantar shagon. Sai da aka yi ɗinki a saman girar hagu. Bakinsa ya kasa faɗa a tarho, sai ya yi abin da ya iya. Ya ɗauke ta da bandeji, ya ɗora, ya rubuta ga abin da ya faru, ya zauna jiran hukunci. Nas ta kira, ta tambayi kowa da kowa, ba ta ce uffan a kai ba. Ya yi ta yabon haƙurinta, ya gaya wa Inna cewa wannan halin daga danginsu ta gado shi. Uban yarinyar kuma ya yi nasa lissafin, ya ga jarrabawar matarsa ta kusa, bai gaya mata ba. Ashe yafiyar da Mai Hoto yake ta jin daɗinta ba a taɓa yi masa ita ba.

Akwai wata manhaja a kwamfutar da ya daɗe yana wasa da ita, wadda ke ɗebo launi daga wani wuri ta shafa a wani. Hoton bandeji ana iya cire shi daga jerin, ba wanda zai ƙirga. Na bayansa kuma, masu tabo, ana iya gyara su. Ya ɗauki guda ya gwada. Ya ɗebo fata daga goshi ya lulluɓe wurin, ya daidaita inuwa, ya mayar da gashin girar da ya ɓace. A duk rayuwarsa ta gyaran fuskokin mutane bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba.

Inna ta shigo kawo masa abinci, ta tsaya a bayansa.

"Maigida, wannan 'yar waye?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Manaja ce mana."

"Tamu dai ta faɗo daga kujera. Wannan ban san ta ba." Ta ajiye kwanon. "Shekara guda tana kallon babu. Yanzu kuma za ka aika mata 'yar mutane."

Ta fita. Ya kalli aikin nasa na ɗan lokaci, don ya cancanci a kalle shi, sannan ya rufe bai adana ba. Ya aika na bandeji, ya aika masu tabo, duk yadda suke.

Kiran ya zo da hantsi, yana tsakiyar ɗaukar wani mutum da ke neman aikin gadi. Nas ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi Inna, ta tambayi gajiya, domin yarinya ce mai tarbiyya. Daga nan ta fara. Wa ya yi ɗinkin? An yi mata allura? Me ya sa ba a gaya mata ba? Ina shi yake lokacin da abin ya faru? Ba ta tsaya a nan ba. Ta bi hotunan tun daga farko. Wa ya yi mata wannan askin? Me ya sa take yawo babu takalmi a shagon da ake zubar da sinadari? Rigar sanyin da ta aiko, an san cewa gaba aka mayar baya? Mene ne wancan a hannunta a hoto na kusa da ƙarshe, alewa ce ko batir?

Mai Hoto ya tsaya riƙe da tarho yana cewa haka ne, gaskiya ne, za a gyara. Mai neman gadi yana zaune ya ƙame da fuskar aiki, yana jira. Tela ya leƙo, ya ga ana yi wa maƙwabcinsa faɗa daga wata ƙasa, ya kuma ga mutumin yana murmushi har kunne, ya koma ya ce wa matarsa abin ya fara taɓa shi.

Can sai muryar ta tsaya. Ya ji tana jan numfashi.

"Baba, kunnuwanka ne da ita."

"Ai duk unguwa an faɗa."

"Ba wanda ya gaya mini. Ta yi tsawo."

"Ta yi. Har ta kai tsawon kantar shago, shi ya sa muka kwashe komai daga kai."

Bai tambaye ta me ya sa ta yi shekara tana cewa ta gani ba, ita ma ba ta tambaye shi inda hotunan suka kwana ba. Ta share murya ta koma bakin aiki. Ta ce kujerar nan ta bar shagon yau. Ya ce ai an gama, da ya ajiye tarho za ta fita. Ta ce ba ta ƙi ba, amma ya ɗauki hoton wurin ya ɗora ta gani da idonta.

Ya sauke mai neman gadi daga kujerar, ya ƙarasa ɗaukarsa a tsaye yana ɗan rusunawa, ya kinkimi kujerar ya kai wa tela kyauta. Ya dawo ya share kusurwar, ya gyara fitila, ya auna haske kamar mai ɗaukar babban mutum. Manaja ta so ta shiga, ya ce mata wannan na ofis ne. Ya wanke, ya shanya, ya sa a sikana, ya aika shafi, ya aika hoto, ya tura wa surukinsa saƙo cewa idan ya samu sarari ya duba masa wani abu a makaranta.

Da yamma malamin lissafi ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce ya duba, ya buɗe, sai dai bai sani ba ko an yi kuskure, domin babu komai a ciki sai bango da daɓe.

"Bangon ya fito sosai?"

"Ya fito, Baba. Har tsagar da ke jikinsa."

"To madalla," in ji Mai Hoto. "Shigo ka ci abinci."